A Ware Wa Zanen Shaguɓe Gurbi, A Fara Da Haukar Zama Na Ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, roƙo muka zo da shi: jaridarku ta ware gurbi tsayayye, ko da sau ɗaya a mako, na zanen barkwanci mai shaguɓe, a kuma fara da cutar da ta fi kama mu a wannan zamani, wato son a ci ko ta halin ƙaƙa. A garin nan ɗan siyasa ba ya faɗuwa zaɓe, sai dai an yi masa maguɗi. Ɗalibi ba ya faɗuwa jarrabawa, malami ne ya kayar da shi. Ƙungiyar ƙwallo ba a cin ta, alƙalin wasa aka saya. Tun a 2007 wani shugaban ƙasa mai ci, Olusegun Obasanjo, ya kira zaɓe da sha'anin a mutu ko a yi rai. Da Goodluck Jonathan ya ɗaga waya a 2015 ya taya Muhammadu Buhari murna, kiran wayar kansa sai da ya zama labarin duniya, saboda ba mu saba ganin mutum ya ce an ka da ni ba. An yi wa'azi a kan wannan hali, an yi sharhi a rediyo har murya ta dushe. Abin da ba a gwada sosai da Hausa ba shi ne a sa mutum ya ƙyalƙyale da dariya kafin ya farga cewa da shi ake.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Tun shekarun 1940 Akinola Lasekan, mai sa hannu da sunan Lash, yake caccakar Turawan mulkin mallaka a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, kuma a namu zamanin Mustapha Bulama ya yi suna da ita a Daily Trust, Mike Asukwo a BusinessDay. Sai dai mafi yawan abin da ake zanawa da Turanci ake tunaninsa, shaguɓe kuwa ba ya jure fassara. Ba kuma aro za mu yi ba. Mutanen da suka san wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, suka san 'yan kama da tashen watan azumi, ba sa buƙatar a koya musu yadda ake faɗa wa babba gaskiya cikin raha.

Abu na farko da mai zane zai rarrabe shi ne zambo da habaici. Zambo yana kama mutum guda, ya siffanta shi, ya muzanta ƙirarsa. Habaici ba ya kama suna, jifa ne a kasuwa, wanda ya tsargu da shi ake. A kan wannan batu na haukar nasara zambo ba ya aiki, dalili kuwa shi ne cutar ba ta mutum ɗaya ba ce. Idan ka zana wani ɗan siyasa sananne da ƙaton tumbi yana rungume da akwatin zaɓe, magoya bayansa za su yi fushi, abokan hamayyarsa su yi shewa, kowa ya tashi da halinsa. Mai karatu ya zama ɗan kallo. Wanda ake so a kama shi ne mai tafi: uban da ɗansa ya kawo sakamako ya zo na biyu cikin hamsin, tambayarsa ta farko ita ce wa ya zo na ɗaya, maƙwabcin da ke yi wa sabuwar mota barka ba tare da ya tambayi kansa albashin nawa ba ne, maroƙin da kirarinsa ke sauya gida daren da aka faɗi sakamako. Saboda haka ƙa'idar aiki ita ce, a kowane zane a bar wa taron jama'a wuri, ko da kawuna biyar ne a gefe, kuma a kashe wa fuskokinsu lokaci kamar yadda aka kashe wa ta gwarzon.

Harshen Hausa ya riga ya yi wa mai zane rabin aiki da kalma ɗaya mai harafi biyu: ci. Ana cin zaɓe, ana cin jarrabawa, ana cin kofi, ana cin riba, ana cin sarauta. Da wannan bakin dai ake cin amana, a ci bashi, a ci hanci, a ci zarafi, a ci mutunci. Ɗauki wannan ka shimfiɗa a takarda. Mutum ɗaya zaune gaban tabarma, akussa jere a gabansa, kowane da sunansa a jiki. Ya suɗe na zaɓe, ya suɗe na kwangila, hannunsa na dama yana cikin na amana, ido kuma yana kan na sarauta. A bayansa jama'a na tsaye riƙe da kwanukan da babu komai, suna cewa, "Allah ya ƙara ci!" Babu sunan kowa, babu jam'iyya, kuma ba za a iya mayar da shi wani harshe ya tsira da gishirinsa ba. Turawa ma sun taɓa bin wannan hanya ta ciki: a 1831 Honoré Daumier ya zana Sarki Louis-Philippe na Faransa yana haɗiye buhunan kuɗin talakawa, aka ɗaure shi wata shida a 1832. Shi sai da ya ƙirƙiro kwatancen, mu kuwa a bakinmu yake kullum. Haka kalmar faɗi, wadda a rubuce take ɗaukar faɗuwa da faɗar magana duka. Mai zanen da ya ajiye littafin aljihu yana tara irin waɗannan kalmomi masu baki biyu ba zai rasa abin zanawa a shekara ba.

Bari mu ɗauki labari na gaske mu nuna yadda ake sarrafa shi. A watan Yuli na 2013, a wasannin neman hawa rukuni na gaba da aka yi a Bauchi, ƙungiyoyi biyu sun yi kunnen doki a maki, ya zama yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema. A ɗaya filin Police Machine ta ci abokiyar karawarta ta Gombe 67 da nema. Da aka tafi hutun rabin lokaci 7 da nema ne kawai a wasan farko, 6 da nema a na biyu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da jami'an harkar ƙwallo har abada, ƙungiyoyin huɗu kuma shekara goma.

Mai zane ya fara da takarda ɗaya, ya ja ƙananan akwatuna goma sha biyu, kowane kamar girman kwalin ashana, ya cika su da dabaru cikin rabin awa ba tare da ƙawata ko ɗaya ba. Ukun farko a zubar, domin su ne suka zo wa kowa. A wannan labari na farko zai zama mai tsaron gida yana barci, raga cike da ƙwallaye. Wannan maimaita labari ne, bai ƙara komai ba. Sai a koma ga lissafi, a nan dariyar take ɓoye. Ƙwallo 72 da Plateau ta ci cikin minti 45 na bayan hutu na nufin ƙwallo guda kusan kowane daƙiƙa 37, kuma bayan kowace sai an ɗauko ta daga raga an mayar tsakiyar fili an sake take ta. Ashe wanda ya fi kowa shan wahala a ranar shi ne wanda ake ci. To ga zanen: mai tsaron gida, harshe waje, gumi na tsiyaya, yana sheƙa gudu da ƙwallo a hammata zuwa tsakiyar fili. A bakin layi wani mai babbar riga, waya manne a kunne, yana daka masa tsawa: "Yi sauri mana, can sun kai sittin!" A bayansa 'yan kallo suna ƙirga da yatsu, har wani ya tuɓe takalmi. Kalma bakwai ke nan, kuma duk haɗin bakin ya fito ba tare da an rubuta kalmar maguɗi ba.

Haka za a yi da labarin digirin Kwatano. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Jamhuriyar Benin cikin mako shida, har gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Zana injin buga takardu yana aman digiri bai isa ba. A kai labarin shagon tela. Saurayi riƙe da takardar digiri, tela da awo a wuya yana ce masa, "Rigar yayen sai nan da wata biyu." Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah ya gama fahimta.

Gwaji uku ake yi wa dabara kafin a ɗauki alƙalamin tawada. A rufe rubutun da hannu: idan hoton bai ce komai ba, da sauran aiki. A rufe hoton: idan rubutun shi kaɗai ya wadatar, hoton zaman banza yake yi. Sannan a nuna wa mutum biyu ko uku da ba 'yan jarida ba, kamar mai gadi ko mai shayin bakin ofis, a yi shiru a dubi fuskarsu. Idan daƙiƙa biyar ta wuce suna neman bayani, ba su ne ba su gane ba, zanen ne bai nuna ba. Kada maganar ciki ta wuce kalma goma sha biyu, kada da'irar magana ta wuce biyu. Tunda boko daga hagu ake karanta shi, mai fara magana ya tsaya a hagu, abin da zai fasa dariyar kuma ya zauna a dama ta ƙasa, inda ido ke ƙarewa. Yawan liƙa wa kowane abu suna, wannan "talaka", wancan "gwamnati", alama ce ta mai zane bai yarda da hannunsa ba. Suna ɗaya ko biyu sun isa, sai fa inda sunayen su ne wasan, kamar akussan nan.

Sutura tana magana fiye da yadda sabon mai zane ke zato, kuma nan ne aka fi yin ɓaram-ɓarama ba da niyya ba. A Kano, idan ka shafa wa hular mutum ja don kawai launin ya yi kyau, ka mayar da habaicin kowa da kowa zambon Kwankwasiyya. Tsintsiya a jingine a bango ta zama APC, laima a hannun fasinja ta zama PDP. Rawani mai kunne biyu yana nuna gidan sarauta kai tsaye. Idan ba su ake nufi ba, a ba mutumin hula mara launi da riga mara aiki. Idan kuwa su ake nufi, a san an yi, edita ma ya sani.

Sai ɓangaren da ke kashe zane mai kyau tsakanin teburin mai zane da maɗaba'a. A zana babba a rage: idan gurbin da aka ware faɗinsa santimita 14 ne, a yi asalin a faɗin takardar A4, santimita 21, wato za a rage shi zuwa kashi biyu cikin uku. Wannan ragi yana ɓoye rawar hannu, amma yana cinye siraran layuka. Layin alƙalami mai bakin milimita 0.1 zai koma ƙasa da 0.07, ya tsittsinke a bugu. A yi jikin mutane da 0.5 ko 0.8, ƙananan abubuwa da 0.3, kada a sauka ƙasa da haka. Haruffa kada tsayinsu ya gaza milimita 4 a asali. A bar tawada ta bushe sosai kafin a goge fensir, in ba haka ba baƙin ya dusashe ya koma toka. Wurin ɗaukar hoton da na'ura, zanen baƙi da fari zalla yana son ɗigo 600 a inci, mai launi ko toka-toka 300. Hoton da aka ɗauka da waya a ƙarƙashin ƙwan lantarki yana zuwa da inuwa a gefe guda da farin da ya koma ruwan ƙasa, kuma duk za su fito a bugu.

Takardar jarida tana shan tawada kamar ƙasar rani, kowane ɗigo sai ya baje. Toka mai kashi 50 a kwamfuta takan fito kusan kashi 75 a takarda. Wannan ya fi shafar mu fiye da kowa, domin mutanenmu baƙaƙe muke zanawa. Wanda ya shafa wa fuska toka mai kashi 60 don ta yi kama da fatar gaske zai buɗe jarida ya tarar da dunƙulen baƙi da idanu biyu, murmushin mugunta da ya ɓata awa guda a kansa ya nutse. A tsaya tsakanin kashi 25 da 35, a bar fari a goshi da kunci da kan hanci. Idan shafin mai launi ne, a mayar da hoton daga tsarin launin allo, RGB, zuwa na maɗaba'a mai tawada huɗu, CMYK, tun a hannun mai zane, ya ga da idonsa yadda koren da shuɗin za su mutu, kuma jimlar tawada huɗun a wuri guda kada ta haura kashi 240, don kada ta huda zuwa bayan shafi. Layuka da rubutu su zama baƙi zalla daga faranti ɗaya. Idan aka haɗa baƙin daga launuka huɗu, da faranti ɗaya ya goce da ƙyar, kowane harafi zai fito da inuwar ja da shuɗi.

Haruffa masu ƙugiya kuma su ne ramin da ya fi cin mutane. Yawancin salon rubutun barkwanci da ake saukewa daga intanet ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Ko dai su fito a matsayin akwati, ko wani a ɗakin tsara shafi ya musanya su da b da d da k don ya huta. A labari mai tsawo mai karatu yana cike gurbin da kansa. A zane mai kalma shida ba haka ba ne, musamman idan wasan a kan ƙugiyar yake, kamar a zana mutum ya rataya lambar yabo ta "gwarzon ƙasa" alhali ƙugiyar ta ɓalle ta faɗi ƙasa, saura "kasa". Mai zane ya rubuta haruffansa da hannu, su zama ɓangaren hoton, yadda babu mai iya taɓa su.

Na intanet a fitar da shi daban, kada a yanko daga shafin jarida. Faɗin fiksel 1080, murabba'i ko mai ɗan tsayi 1350, a duba shi a ƙaramar waya kafin a sake shi. WhatsApp yana matse hoto duk lokacin da aka tura, ƙananan haruffa su ne ke fara narkewa. Sa hannun mai zane da kwanan wata da sunan jarida su kasance cikin hoton, kusa da wani abu mai muhimmanci, domin abin da ke gefe shi ake yankewa. Kwanan watan yana da amfani na biyu: yana hana a tono zanen bara a manna shi a kan rikicin bana.

Mun san abin da ke sa editocin Arewa ɗari-ɗari. Zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Denmak a 2005, wanda tarzomarsa ta ci rayuka a Maiduguri a Fabrairun 2006, ya shafa wa sana'ar baƙin jini a idon mutane da yawa. Iyakar a bayyane take: ba a taɓa addini, ba a yi wa ƙabila kuɗin goro, ba a mayar da nakasa abin dariya. Muna ƙara ɗaya da ta shafi wannan batu musamman: ba a yi wa wanda ya faɗi dariya. Yaron da bai ci jarrabawa ba, ko ɗan takarar da ya samu ƙuri'a ɗari biyu ya koma gida lafiya, ba su ne abin harbi ba. Zanen da ya yi musu ba'a ya koma cikin masu tafi. Ta fuskar doka kuma, sashe na 391 da 392 na Penal Code, kundin hukunta laifuka na Arewa, sun tanadi hukuncin ɓata suna har ɗaurin shekara biyu, sannan an sha kama 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Idan fuskar da aka zana ana iya gane ta, kuma hoton ya ɗora mata takamaiman laifi, kamar karɓar jaka a hannun wani, to edita ya nemi hujjar da zai nema da labari ne aka rubuta. Nan ma habaici ya fi zambo arha.

Abin da muke nema daga gare ku kaɗan ne. Shafi ɗaya da kusurwa ɗaya da ba sa canzawa, don mai karatu ya san inda zai buɗe. Edita ya ga ƙaramin zanen fensir tun da hantsi ya ce e ko a'a, kada a bari sai an gama shafa tawada da yamma sannan a ce a sauya. Kada a ja hoton a miƙe shi don ya cika gurbi, kada a ƙara masa bayani a ƙasa, domin shaguɓen da aka fassara ya zama lacca. A biya mai zane a kan kowane zane, a kuma rubuta wa ke da asalin takardar.

Sai na ƙarshe, wanda muka san zai ɗan sosa. Duk bayan zaɓe ko naɗin sarauta ko rabon digirin girmamawa, jaridu kan cika da shafukan taya murna, cikakken shafi, hoton gwarzo a sama, sunayen masu neman a san sun taya a ƙasa. Mun san da kuɗinsu ake sayen takarda, ba mu ce a daina ba. Muna roƙon dai idan talla ta yi yawa a irin wannan mako, kada zanen ya zama abin da za a fara cirewa, kuma idan da hali a ajiye shi a shafin da ke fuskantarsu. Na makon farko ma ga shi mun ba da kyauta: layin mutane a ƙofar ofishin talla na wata jarida, kowa da takardar taya murna a hannu an bar gurbin suna fari, na gaba yana leƙa taga yana tambayar akawu, "An faɗi wanda ya ci, ko mu ɗan jira?"

Wassalam.

Naku,
Wasu masu sana'ar zane da ɗab'i, Kano.